Jirgin Da Ya Ƙi Tashi

Mai Agogo ya sake danna maɓalli a gaban alƙalan gasar ƙera ƙananan jiragen ƙasa. Ɗan jirgin ƙasan ko gezau.

Jiragen sauran 'yan takara sai zagaya tebur suke yi. Nasa kuwa, kan jirgin dizal irin na da, wanda ya ƙera da hannunsa har da tsatsar ƙarya da baƙin hayaƙi, yana tsaye kamar an dasa shi. Saboda jirgin nan ya mayar da falonsa tasha, yara suka koma cin abinci a tsaye.

Gumi ya karyo masa. Ya leƙa cikin jirgin, ashe babu batir. Ya waiga ya ga matarsa a bayansa tana kau da kai.

"Ke ce?" ya raɗa mata.

"Rimot ɗin talabijin ne ya mutu, Baban yara. Sai in fasa kallo?"

Babban alƙali, wani tsohon direban jirgi, ya dogaro sanda ya matso. "Malam, yaushe zai tashi?"

"Ranka ya daɗe, a ƙara haƙuri. Yanzun nan."

Tsohon ya cire tabarau, ya share ƙwalla.

"Wallahi haka muke gaya wa fasinja! Waɗancan masu tashi kan lokaci kayan wasan yara ne. Wannan shi ne jirgin gaske. A ba shi kofin."

Ana cikin tafi matar ta zungure shi.

"Baɗi sai in kwance wa jirgin ƙafa ɗaya, mu je gasar duniya."