Takardar da Na Karanta wa Inna

Ina aji huɗu na firamare a lokacin, muna zaune a Nasarawa cikin Birnin Kebbi. Wata rana bayan la'asar Baba ya kira ni zaure, ya miƙo mini takarda a ninke, ya ce in kai wa Inna.

Na tarar da ita a tsakar gida tana turara shinkafar da aka kawo daga Zauro. Shekararta ashirin da shida a gidan nan, ni ce autarta. Ba ta yi boko ba, sai ta goge hannu a zanenta ta ce, "Karanta mani, ke da ke zuwa makaranta."

Na gyara tsayuwa kamar a gaban malam, na ɗaga murya: "Na sake ki saki ɗaya." Na san kalmar sarai, amma hankalina duka yana kan kada in yi kuskure. Maƙwabciyarmu da ke daka a bayan katanga ta tsaya cak.

Na ɗago kai na ce, "Inna, na iya?"

Ta juya wajen tukunyarta ta ce, "Kin iya, ɗiyata. Allah shi yi maki albarka. Miƙo mani murfin tukunya."

Bayan na girma na sha zuwa gidan ƙanenta a Argungu, inda ta ƙarasa rayuwarta, da niyyar in roƙe ta gafara. Kullum sai mu yi hirar 'ya'yana in dawo. Har ta rasu ban iya buɗe baki ba.