Ƙarfen Limamin Kasuwa

An yi wani limami a masallacin wata kasuwa, karatu kam ba a raina masa. Akwai guntun ƙarfe rataye a jikin durumi. Da rana ta karkata sai ya buga shi, dogarai na biye da shi da bulala. Kafin ƙarar ta mutu, mahauci ya yar da wuƙa, mai hatsi ya kife mudu, kowa ya ja buhu ya rufe kaya, ko da ciniki ya kusa faɗawa. Mace kuwa ba ta isa ta kasa kaya ba, ko marayu take ciyarwa. In ta zo da tambaya, dogari ke ba ta amsa daga bakin zaure. In malam ya sallame ya waiwaya ya ga sahu har bakin kwata, sai ya ce a ransa ƙauna ce. Bai taɓa zama a bencin kowa ba. Me zai kai shi? Ƙarfe na kawo masa su.

Sai zamani ya juya. Masu mulki suka ce kasuwa ta ci ba tsayawa, mata su kafa rumfa, dogarai su koma fada. Malam ya fito shi kaɗai ya buga ƙarfe. Mai hatsi bai ɗaga kai daga awo ba. Ya sake bugawa har hannu ya yi zafi, wata mai daddawa ta ce, "Malam, a hankali, ɗana na barci." Aka ta da iƙama, daga shi sai ladan sai wani makaho. Zuciya ta ƙi kwanciya, ya taka har rumfar wani tsohon mahauci da ya taɓa sa aka zane. So yake ya ji an ce shaiɗan ne, ko son kuɗi, ya samu abin yi wa wa'azi. Ya ce, "Kun bar salla ke nan?" Mahauci ya rusuna ya ce, "Allah gafarta malam, wa zai bar salla? Mun yi tamu a bayan rumfa, mai gishiri ya ja mu. Shi ya tsaya mini ranar da ɗana ya rasu." Mai gishirin nan ko izu biyu bai haɗa ba. Malam ya tsaya, ƙuda na sauka a rawaninsa. Ashe kwarjinin da ya daɗe yana yafawa na bulala ne, masu bulala kuwa sun karɓi abinsu. Gaskiyar Hausawa, kayan aro ba ya rufe katara.