Dutsen da Ba na Kowa Ba

Malamin jami'a ya ɗaga guduma, sai ya dakata.

"Baba, dutsen nan na wani ne?"

Ɗalibansa ashirin suka zuba wa tsohon ido. Tun safe suke neman ma'adinai a rairayin Toranke, sai a gefen gonar tsohon suka ga dutse guda ɗaya, baƙi, mai ƙyalli.

Tsohon ya dubi dutsen. Bafulatani ne. Tunda yake bai taɓa ambaton ɗansa na fari a gaban mutane ba, balle a gaban yara.

Ya ce, "Ba na kowa ba ne."

Guduma ta sauka. Suka rarraba gutsattsarin a jakunkuna, suna ta murna, don malam ya ce ba a taɓa ganin irinsa a yankin nan ba.

Tsohon ya fi shi sani. Daga tafiyar kwana biyu ya ɗauko dutsen a kan jaki, shekarar da agana ta ɗauke yaron, ya kafa a kan kabarin.

Damina ta zo ta shafe tudun kabarin. Yanzu duk inda ya ɗaga fartanya a gefen nan, sai ya kasa saukewa.