Ayabar Bana

Da mijinta ya ce an sake yi masa canjin wurin aiki, tana tsugune a gindin ayabarta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Daga Masaka har Mbale, duk inda aka tura su sai ta dasa ayaba, su tashi kafin ta nuna, wasu su ci. Haka yaranta ke barin abokai suna kuka.

"Baban yara, Allah ya kiyaye hanya. Ni kam na gama yi wa wasu noma."

Ya juya ya fita.

Da yamma ya dawo. Maimakon kwalayen haɗa kaya, doguwar gwafa ce a kafaɗarsa.

"Na ce musu ba na zuwa. Matsa in tokare ayabar, sarauniyar rigima. Bana mu za mu ci."