Ƙaiƙayi a Hannun Baba

Har yau in na ji warin ashana sai zama ya gagare ni.

Wata yamma a Tsiga, Baba ya ƙera mini roka. Ya rarake guntun karan dawa, ya kankare kawunan ashana ya ɗura ciki, ni kuma na yanko fukafukai daga kwalin sukari. Washegari zai tafi ci-rani, in ba ta tashi ranar ba, sai damina.

Muka fita bayan gida, inda audugarmu ta shekarar take jibge. Baba ya ɗebi ƙaiƙayi ya watsa sama, yadda Inna ke gwada iska kafin shiƙa. Ƙaiƙayin ya nufi audugar.

"Baba, yanzu?"

"Tukuna, uwata. Iska ba ta ba mu izini ba."

Na zauna, na miƙe, na zaga darbejiya, na dawo. Ya sake watsawa, ya girgiza kai. Rana tana ta sauka, ina cizon bakin zanena.

Ladan yana fara kiran magariba, ƙaiƙayin ya juya wajen gona. Baba ya dubi masallaci, ya dube ni, ya miƙo mini ashanar.

Rokar ba ta wuce tsawon darbejiya ba, amma ta tashi, ta faɗa nesa da auduga.

Jiya autata ta zo da roka ta roba a kwali daga makaranta, tana tsalle. Na ce mata tukuna. Na shiga madafa neman dusar da zan gwada iska.