Irin Jinin Ladiyo

Tun da aka kafa dokar riƙo, ana dasa wa mai lafiya irin jinin majinyaci a ɓargonsa, ya rene shi wata uku kafin a gyara ɓargon mai shi. Ni na Ladiyo nake riƙo, 'yar yayata Kande, mai shekara bakwai.

Ranar cirewa na tafi asibiti ina yi ina hutawa, don kwanan nan numfashi ba ya isata. Malamar asibiti ta ɗora na'ura a ƙuguna, ta daɗe tana kallo.

"Sallau, dasashinka yana jini in ka yi asuwaki?"

"Kaɗan, Malama."

"Ɓargonka ƙasa ce mai kyau," in ji ta a hankali. "Irin yarinyar ya samu wuri, ya bazu, ya kashe naka. In muka cire, ba abin da zai rage maka. In muka bari, ita ba za ta kai sati biyu ba."

Na tambaya ko za a raba mana. Ta ce ba a taɓa rabawa an dace ba.

A waje Yaya Kande na zaune a benci, Ladiyo kwance a cinyarta, tafin hannunta fari fat kamar nawa.

"Kawu, irin nawa ya nuna?" in ji Ladiyo.

Na cusa hannuwana cikin aljihu kar Yaya ta ga yadda suka yi fari.

"Ya nuna," na ce. "Bari in koma su ciro miki."