Hula Mai Zoben Zinare

Misbahu na hango hular a kan amininsa Sagiru, ya yi tsalle ya bar mutane zaune a kafe ɗinsa, shagon shiga intanet.

"Ɗan banza! An ba ka saƙona, shi ne ka ɗora a ka kana yawo da shi a Limawa?"

Duk Dutse an san Misbahu da hular da budurwarsa Nuriyya ta ɗinka masa. Shuɗin tambarin nan da ake latsawa a shiga intanet ta fitar masa tsaf da zare da allura. Da aka sabunta tambarin, zoben da ya kewaye shi ya koma ruwan zinare, sai ya buga hoton a takarda. Aiki ya riƙe shi, ya ba Sagiru ya kai mata ta ɗinka masa sabuwa. Ta aiko cewa zoben nan sai an bi shi a hankali, Sagiru ya riƙa leƙowa yana ganin inda aka kwana.

Yau ga hula ta fito, zoben sai ƙyalli yake.

"Dama magana na zo mu yi," in ji Sagiru, idonsa a ƙasa.

Misbahu bai saurare shi ba. Ya fizge hular yana dariya, ya cire tsohuwar, ya ɗora sabuwa. Ta tsaya a tsakiyar kai. Ya danna, ta ƙi shiga.

Nuriyya ta san awon kansa. Ba ta taɓa kuskure ba.

A hankali ya mayar da hular kan Sagiru. Ta zauna daram, kamar da ita aka haife shi.